Kekena na lantarki ba ya wuce kilomita 25: kwantirola zan canja ko batir?

Wani matashi ya turo min tambaya. Ya ce yana da keken lantarki da ya saya na hannu, batirinsa an rubuta 36V 10Ah, moton yana cikin ƙafar baya an buga masa 250W, tayar kuma inci 26 ce. Keken ba ya wuce kilomita 25 a awa, masu babur na wuce shi kamar yana tsaye. Wani abokinsa ya ba shi shawara ya sayi kwantirola (akwatin da ke tsara wutar da ke zuwa moto daga batir) mai 1000W da batir 72V, wai zai riƙa yin 60. Yana neman jin ra'ayina kafin ya kashe kuɗinsa.

Ƙanena, Allah ya yi maka albarka da ka yi tambaya kafin ka shiga kasuwa. Shawarar abokin nan naka ka ajiye ta gefe. In ka bi ta, keken zai yi gudu, ba ƙarya ya yi maka ba, amma gudun kwana kaɗan ne, sannan ka dawo kana neman sabon moto, in ma abin ya tsaya a kan moto kaɗai. Akwai gyaran da za a yi wa kekenka ya ƙara gudu cikin hankali, kuma shi zan yi maka bayani. Kafin nan akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo.

Ka yi cajin batir ya cika. Ka ɗaga ƙafar baya ta bar ƙasa, ka murɗa totur har ƙarshe, ka duba gudun da allon keken ya nuna. Ka sake yin haka wata rana da batir ya sauka rabi. In duka biyun ya tsaya cak a kan 25, ko ka ji moton yana kamawa yana saki da zarar ya kai wurin, to ɗaure shi aka yi daga kamfani, ba ƙarfinsa ne ya ƙare ba. Dalili kuwa doka ce. A ƙasashen Tarayyar Turai da Ingila, keken lantarki ba ya wuce 250W, kuma dole moto ya daina taimako a kilomita 25 a awa. Ƙasar Sin, inda ake ƙera mafi yawansu, ita ma ƙa'idarta da ta fara aiki a 2019 ta tsayar da gudu a 25. Amurka ce ta ɗan saki, 750W da mil 20 a awa, wato kusan kilomita 32. Wannan ɗaurin wani lokaci yana cikin saitin allo, wani lokaci kuma wasu siraran wayoyi biyu ne masu launi ɗaya da suka fito daga kwantirola aka haɗe su da juna, in an raba su keke ya saki. Sai dai ka kula, akwai wasu wayoyi masu kama da su da aikinsu daban ne, zan zo kansu. Wanda ke zaune a Turai kuma ya sani, kwance wannan ɗaurin yana mayar da keken babur a idon hukuma, mai buƙatar lamba da inshora.

In kuwa ka ga da cikakken batir yana kai 28 ko 29 a sama, da rabin batir ya sauko 25 ko 26, to babu wanda ya ɗaure shi. Iyakar abin da boltejin batirinka, wato 36V ɗin nan, zai iya bayarwa ke nan. A nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗi, don haka bari in ɗan tsaya.

Moto in yana juyawa, shi ma janareta ne. Maganaɗisun da ke cikinsa suna wucewa ta gaban kwayil, wato wayar da aka nannaɗe a ciki, sai ya riƙa haifar da tasa wutar, wadda take tunkuɗe wadda batir ke turowa. Yadda gudu ke ƙaruwa haka wannan tunkuɗar ke ƙaruwa, har ta kusa daidai da boltejin batir. Daga nan wuta ba ta da hanyar shiga, gudu ya tsaya. Saboda haka bolteji shi ne ke yanke iyakar gudu. Amfiya kuma, wato yawan wutar da ke kwarara, ita ce ke ba da ƙarfin ja: tashi daga tsaye, hawan gada, ɗaukar kaya. Kwantirola mai tsaron ƙofa ce kawai tsakanin batir da moto, ita ke cewa amfiya kaza za ta wuce. Ba ta da wutar kanta. In ka saka wa kekenka kwantirola mai 1000W ka bar batir 36V, zai riƙa fizga in ka tashi, za ka ji daɗi kwana biyu, amma in ka miƙe a titi kusan a nan inda ka saba zai tsaya. Na sha ganin mutum ya zo shago yana cewa an sayar masa da jabu, alhali kwantirolar lafiyarta ƙalau, shi ne ya nemi abin da ba aikinta ba.

Lissafin ba wuya. Tayar inci 26 zagayenta ya ɗan haura mita 2. Moton da ke juya ta sau 200 a minti a kan 36V zai ba ka kusan kilomita 25 a awa. Ka ba shi 48V, ka ƙara masa kashi ɗaya bisa uku, zai juya kusan sau 267, wato kilomita 33. A kan titi da nauyinka da iska ka sa rai da 30 zuwa 32. Wannan shi ne gyaran da nake ba ka shawara: batir 48V, da kwantirola 48V mai amfiya 15 zuwa 18. Kada ka wuce nan da wannan moton.

Me ya sa ba 72V ba? Abu na farko iska. Ƙarfin da ake buƙata don ratsa iska ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa yake yi sau uku a kan kansa: ka ninka gudu sau 2, iska ta nemi ƙarfi sau 8. Mutum matsakaici zaune tsaye a kan keke, a shimfiɗaɗɗen titi, wajen wat 170 (wat shi ne W ɗin da ake rubutawa) ya ishe shi yin kilomita 25. Don ya yi 35 sai ya nemi kusan 400. Don ya yi 45 sai wajen 800. Kilomita 60 ɗin da abokinka ke faɗa ya kusa wat 2,000. Wannan aikin babur ne, ba na ƙaramin moton da ke cikin ƙafar kekenka ba.

Abu na biyu zafi, kuma shi ne yake kashe moto. Lambar 250W da aka buga masa ba ita ce iyakar abin da zai iya ja ba. Ma'anarta shi ne abin da zai ɗauka ya yi ta aiki ba hutu bai ƙone ba. Ko yanzu kwantirolarka in mai amfiya 15 ce, 36 sau 15 ya ba ka wat 540 lokacin tashi, moton yana jurewa saboda na ɗan lokaci ne. Amma zafin da kwayil ke yi yana bin amfiya ninki biyu: ka ninka amfiya sau 2, zafi ya ninka sau 4. Irin motonka mai giya ne a ciki, ƙananan giyoyi uku na roba mai tauri da ke rage juyi wajen sau 5. Ka gane shi da ƙanƙantarsa, da kuma yadda tayar ke juyawa sakayau in ka tura keken gaba. Robar nan in ta ji zafi ta yi laushi, ka fizge ta da amfiya 30, haƙoranta su sharɓe. Sai ka ji moto yana kuka taya ba ta motsi. Maganaɗisun ma suna da iyaka, ƙaramin aji daga cikinsu yana fara rasa ƙarfi in zafinsa ya haura maki 80 a ma'aunin Selshiyos, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Bayan su ga fentin da ya rufe wayar kwayil, in ya ƙone kana jin warinsa tun daga nesa.

A nan ƙasarmu tana da nata hukuncin. Wanda ya gwada moton nan a Jamus cikin sanyi ya ce maka yana ɗaukar wat 900 lafiya, ba ƙarya ya yi ba. Kai kuwa a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, zafin gari kansa ya haura 40, kwalta ta fi haka, tun kafin ka murɗa totur an cinye maka rabin sararin da kake da shi. Kuma abin da ya fi dafa moto ba gudu ba ne, tafiyar hawainiya da kaya ce: yashi, hawa, goyon mutum, totur a ƙarshe taya tana jan ƙafa. A lokacin amfiya na kwarara da yawa, kaɗan ke zama tafiya, sauran duk zafi. In ka shiga yashi ka taimaka masa da feda.

Yanzu kwantirola. Wasu za su ce maka ka bar tsohuwar, ka jona mata 48V kai tsaye. Wani lokaci tana ɗauka, wani lokaci ta yi ƙara ta yi hayaƙi. Abin da ke rabawa yana ciki. Batirin da ake kira 48V ƙwayoyi 13 ne a jere, wato ƙananan batura, kowace tana cika a 4.2V, saboda haka in ya cika 54.6 yake, ba 48 ba. Naka na yanzu ƙwayoyi 10 ne, yana cika a 42. In ka buɗe kwantirolar ka ga manyan kafasitocin an rubuta musu 50V, to 54.6 ya fi ƙarfinsu. In 63V aka rubuta akwai dama. Duk da haka akwai sauran matsala: kowace kwantirola tana da inda take yanke wuta don kada batir ya zube gaba ɗaya. Ta 36V tana yankewa a wajen 30 ko 31, wanda ga batir 48V ya yi ƙasa ƙwarai, don shi a wajen 40 ya kamata a tsayar da shi. Kenan ka bar wa ɗan allon kariyar da ke cikin batir dukan aikin shi kaɗai. Ni dai ban ga ribar wannan tsimin ba, kwantirola tana cikin mafi araha a kayan.

Ka saye ta tare da allonta, saiti guda. Allo da kwantirola suna da yaren da suke magana da juna, kuma kowane kamfani da nasa. Allon KT ba ya jin maganar kwantirolar Bafang, ko da soket ɗin ya shiga daram. In da hali ka zaɓi irin wadda ke ba moto wuta a lallaɓe, ba ta yin ƙara, tashinta ma babu fizga, giyoyin roban nan za su fi daɗewa. Ka kuma duba fitila da ham, in na 36V ne za su ƙone a daren farko.

Wurin haɗi, wayoyi masu kauri uku ke zuwa moto, rawaya da kore da shuɗi, sai sirara biyar, ja da baƙi da kuma waɗancan launuka uku, na 'yan na'urorin da ke gaya wa kwantirola inda maganaɗisu yake. Kada ka ɗauka launi da launi shi ke nan, kamfanoni ba su yi yarjejeniya a kan haka ba. Hanyoyin haɗa su 36 ne, kaɗan ne daidai. Mafi haɗari ita ce wadda taya za ta juya kamar lafiya amma tana gurnani tana shan wuta, cikin minti kaɗan kwantirola ta yi zafi ta mutu. Kwantiroloji da yawa suna da wayoyin koyo guda biyu, su ne na ce suna kama da na ɗaurin gudu: ka ɗaga taya, ka haɗa su, ta juya ta gano tsarin da kanta, sannan ka raba su. Duk gwajin farko a yi shi taya a sama, totur kaɗan kaɗan.

Akwai wata dabara ta masu gyara, su buɗe kwantirola su narka dalma a kan ɗan ƙarfen da take auna amfiya da shi, sai ta riƙa ganin wuta kaɗan alhali da yawa ke wucewa. Tana aiki, amma aikin makaho ne, ba ka san ko 18 ka samu ko 30 ba sai ranar da wani abu ya ƙone. Kuma gudu ba ta ƙara ba.

Batir ne inda kuɗin yake, kuma shi ne inda rai yake. Abu biyu za ka duba bayan bolteji. Na farko yawan abin da yake ɗauke da shi: bolteji sau Ah. Naka 36 sau 10, 360 ke nan, a ma'aunin da ake kira Wh. A gudun 25 keke na cin kusan 9 a kowace kilomita, a gudun 35 yana cin wajen 14. Ka ga kenan in ka ƙara gudu ka bar girman batir yadda yake, tafiyarka ta ragu da fiye da kashi ɗaya bisa uku. Ka nemi 48V mai 13Ah ko 14Ah, wato 620 zuwa 670, zai kai ka kilomita 40 da 'yan kai a gudun 30 ba tare da feda ba, in titin mai kyau ne.

Na biyu, amfiya nawa ƙwayoyin za su iya bayarwa. Ƙwayar da aka fi amfani da ita ana kiran ta 18650, saboda kaurinta milimita 18 tsawonta 65. Samsung 35E tana ɗaukar 3500mAh, wato 3.5Ah, tana ba da amfiya 8. Samsung 30Q 3000mAh ce amma tana ba da 15. In aka haɗa 35E huɗu huɗu kafaɗa da kafaɗa, aka jera rukuni 13, ƙwayoyi 52 ke nan, kusan 14Ah, masu iya ba da amfiya 32. Kwantirola mai 17 ba za ta wahalar da su ba. Allon kariyar da ake kira BMS shi ma ya zama ya fi kwantirola, mai 25 ko 30. In ya gaza, daidai lokacin da kake tsallaka titi kana buƙatar ƙarfi zai ɗauke wuta.

Ƙwayar 18650 ta gaskiya ba ta wuce wajen 3500mAh sai da ɗan kaɗan, nauyinta kuma giram 45 zuwa 50. Duk wadda ka ga an rubuta 6800 ko 9900, ƙarya ce tsagwaronta, ka ɗauke ta a hannu za ka ji ta shafal. Haka batirin da aka haɗa da tsofaffin ƙwayoyin kwamfutar cinya. Suna da amfani a fitila da fanka, ban hana ba, amma ba a yi su don ba da wuta mai yawa ba, kuma kowace da shekarunta. Mai rauni a ciki ita za ta fara zafi ta ja sauran. Akwai irin da ake rubuta wa LiFePO4, ya fi nauyi ya fi girma, amma ya fi jure zafi, ya fi daɗewa, kuma kama wutarsa ta fi wuya. In akwai wurin da zai zauna a kekenka, a yanayinmu ni shi na fi so. Cajarsa daban ce.

Wata dabarar da nake roƙon ka kada ka yi: 36 da 12 ai 48 ne, sai mutum ya ɗauko batirin babur ko na sola ya jona a wutsiyar nasa. A takarda lissafi ya fita. A aikace ɗaya zai riga ɗaya ƙarewa, BMS ba ta san da baƙon ba, kuma ba caja ɗaya da za ta cika su tare. An taɓa kawo min irin wannan, an naɗe da salatif an ɗaure da roba a kariyar bayan keke, wayar ta narke ta manne da ƙarfen keken. Allah ne ya tsare mai shi, garin neman gira ya tashi rasa ido.

Caja kuma dole sabuwa, mai 54.6V. Tsohuwarka mai 42V ba za ta cika sabon batir ba. Abin tsoro shi ne akasin haka, wani a gida ya ɗauki sabuwar ya soka wa tsohon batir. Ka yi musu alama, ko ka fitar da tsohon daga gidan. Wutar batirin lithium ba irin wadda ka sani ba ce, ƙwaya ɗaya ke kunna ta kusa da ita, tana feso hayaƙi mai guba, an kashe ta sake tashi. A birnin New York a 2023 irin wannan gobara ta kashe mutum 18, a shekarar ne kuma hukumar birnin ta hana sayar da keken da batirinsa bai ci gwajin inganci ba. A Nanjing ta ƙasar Sin, a watan Fabrairun 2024, wutar da ta tashi daga inda ake ajiye kekunan lantarki a ƙasan wani bene ta kashe mutum 15. Saboda haka ba a caji a ɗakin kwana, ba a yi a bakin ƙofar da ita kaɗai ce mafita, ba a bar shi a jone a kwanta. In ka dawo daga tafiya ka bar shi ya huce rabin awa a inuwa kafin ka jona, don ƙwayoyin ba sa son caji in sun haura maki 45. In an ɗauke wuta ka zare, dawowarta da ƙarfi na kashe caja. Ka sa fis mai amfiya 30 kusa da batir, soket ɗin kuma ya zama irin XT60 ko XT90, ba wayar da aka murɗe da hannu ba.

Saura abin da masu neman gudu ba sa son ji, wato tsayawa. Daga 25 zuwa 35, tazarar da kake buƙata kafin ka tsaya ta kusa ninkawa. In birkinka na roba ne mai matse wili, a gyara shi sosai a sa sabuwar roba, in kuma fok ɗin yana da wurin ɗaura birkin faifai, a sa a gaba, mai faɗin milimita 180. Wayoyin nan da ke fitowa daga hannun birki su kashe moto, a tabbata an mayar da su a sabuwar kwantirola, masu gyara na yawan barin su a lilo. Sannan aksul. Moto in yana tura taya gaba, da irin wannan ƙarfin yake murɗa aksul ɗinsa baya, kuma ɗan bakin ƙarfen da ya zauna a ciki ne kaɗai ke riƙe shi. In ya buɗe, aksul ya juya ya tsinke wayoyin, ko taya ta fita. Akwai ɗan ƙarfe mai kauri da ake zura wa aksul a ɗaure shi a jikin keke, mai walda ma zai iya yanka maka in ka nuna masa, ya zama ya kama aksul ɗin tsam ba wasa. In jikin kekenka alminiyam ne wannan wajibi ne. Hular kwano kuma ka saya tare da batirin, rami ɗaya a gudun 32 ya isa.

In bayan duk wannan zuciyarka na kan 50 ko 60 ɗin, to ba gyara kake nema ba. Sai babban moto marar giya mai 1000W ko 1500W, kwantirola mai amfiya 30 zuwa 40, batirin da ya ninka naka sau uku, wili da taya da birki duk sababbi, a kan jikin keken da ba a ƙera shi don haka ba. In ka tara kuɗin za ka ga gara ka sayar da wannan ka cika ka sayi babur na lantarki da aka yi shi babur tun daga kamfani.

In an gama haɗa maka na 48V ɗin, ranar farko kada ka yi nisa. Ka yi kilomita 3 ko 4 a gudun da ka saba, ka tsaya ka ɗora tafin hannu a kan moto, da kwantirola, da soket ɗin batir. Ɗumi ba laifi. In ba ka iya barin hannunka ya yi daƙiƙa biyar a kan moto ba, cikinsa ya fi haka zafi nesa, sai a shiga saitin allo a rage amfiya zuwa 13 ko 14, gudun ba zai ragu sosai ba, tashin ne zai yi sanyi. Soket kuwa bai kamata ya yi zafi ba sam, in ya yi akwai inda bai kama ba. Bayan mako guda ka sake bin notocin aksul da sifana, ka kuma sa mai gyaran keke ya ɗaure maka wayoyin wilin baya, don su ke fara saki.